Darasi na Tara: Idan Kaza Ta Takure

Wata rana a ajinmu na yamma, wata dattijuwa ta iso a makare. Kafin ta shimfiɗa tabarmarta ta ce, "Malama, ki yi haƙuri. Kazata ce ba lahiya. Na ɗura mata kafso biyu, har yanzu ba ta tashi ba."

Na ce, "Sannu Inna. Mi as same ta?"

Ta ce, "Ciwon kaji mana, ɗiyata."

Na tambaye ta kalar kashin kazar, ta ce ba ta duba ba. Na tambaye ta ko akwai abinci a jakar wuyanta, ta ce ba ta taɓa ba. Aji ya yi dariya, amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ta amsa cewa haka take yi. Kaza na takurewa sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da ruwan ɗorawa. Ciwon kaji kuwa iri-iri ne. Wani ruwa da inuwa kawai yake so, wani yana son maganinsa na musamman, wani kuma ba shi da magani ko an kai Abuja. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu koyi duba kaza kafin mu buɗe mata baki.

Duba daga nesa

Da safe ake gane mara lafiya. Ki buɗe akurki, ki watsa hatsi ko dusa, ki koma gefe ki tsaya. Lafiyayyar kaza da gudu take fitowa, tana tono, tana ture 'yan uwanta. Wadda ta fito daga baya, ko ta tsaya jikin bango ido a lumshe, gashi a tashe, fukafukai a sake kamar mai jan babbar riga, ita ce abin dubawa. Kaza tana ɓoye ciwonta, don 'yan uwanta kan sari mai rauni. Saboda haka ranar da kika ga ta takure, ciwon ya riga ya kwana biyu a jikinta.

Akwai abu biyu da ke kama da ciwo alhali lafiya ce. Kaza mai kwanci takan ƙi fita, ta rage ci, ta kumbura gashi ta sare ki in kin kai hannu. Kwana 21 take yi a kan ƙwai. Haka kuma kaza takan zubar da gashi ta sake sabo, ta daina ƙwai na ɗan lokaci. Waɗannan idonsu garau yake, kuma da ƙarfinsu. A ƙyale su.

Ware ta

Kafin ki san abin da ke damunta, ki raba ta da sauran. Kwando babba ko kwali mai huji ya isa. A ajiye shi a inuwa, nesa da akurki, inda iska ke shiga, in kuma hunturu ne a kare shi da buhu. Ta samu kaskon ruwanta ita kaɗai. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. To, ba ƙadangare kaɗai ba: tantabaru, agwagi, zabi da tsuntsayen daji duk nan suke tsoma baki, kuma ta wannan kasko ciwo ke zagaye gida. Ki fara ba lafiyayyu abinci, sannan ki zo kan mara lafiya, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama.

Duba da hannu

Ki riƙe ta a hankali, fukafukanta a manne da jiki. Kada a rataye ta ta ƙafa kai a ƙasa kamar yadda ake kai su kasuwa, domin abin da ke jakar wuyanta zai iya dawowa ya shaƙe ta. Ki fara daga kai ki gangara.

Zankon kaza mai ƙwai ja ne. In ya yi fari, jini ya ragu, sai a nemi abin da ke shan jinin. In ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi, abin ya yi tsanani. Ki dubi ido da hanci: akwai ruwa, kumfa ko kumburi? Ki kara kunne a bayanta ki ji ko numfashinta na ƙara. Jikin kaza da ma ya fi namu zafi, yana kai wa digiri 41, don haka ɗumin da kika ji a hannu ba shi ke nuna zazzaɓi ba.

A gindin wuya, wajen dama, akwai 'yar jakar da abinci ke fara taruwa. Da dare a cike take, da asuba kuma ya kamata ta zama wayam. In kin taɓa ta da sassafe kafin a ba su komai kika ji ta da tauri kamar dunƙulen fura, wani abu ya toshe. Sau da yawa doguwar ciyawa ce, ko zare, ko leda, ga ledar ruwa ko'ina a unguwanninmu. A hana ta hatsi na yini guda, a bar mata ruwa, a riƙa murza jakar a hankali sau uku ko huɗu a rana. In kwana biyu ba ta sauka ba, sai likitan dabbobi.

Ki shafa ƙashin ƙirjinta. In ya fito kamar bakin wuƙa, ba tsoka a gefensa, ramar ta daɗe, kuma tsutsar ciki na daga cikin abin da ake fara zargi. Sai ki buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na kusa da dubura ki nemi ƙwarƙwata. Ƙuma kuwa takan manne a gefen ido da zanko kamar baƙin barkono. A shafa mata basilin, zai toshe musu numfashi. Kananzir da wasu ke shafawa yana ƙona fata, kuma yana iya makantar da kaza. Akwai wata kaska da ba za ki gan ta da rana ba, tana ɓuya a tsagar bangon akurkin laka, da dare ta fito ta sha jini ta koma. In kajinki sun fara ƙin shiga akurki da magariba, ki haska tsagogin da tocila bayan isha'i. Maganin wannan a jikin bango yake: a share, a ƙona shara, a yaɓe tsaga. A kuma zuba musu toka da rairayi a wani lungu su riƙa birgima.

Kashi yana magana

Na san ba abin sha'awa ba ne, amma nan ne rabin amsar take. Ki shimfiɗa takarda ko tsohon kwali a ƙarƙashin kwandon, da safe ki duba. Kashin lafiya yana da ɗan tauri, da fari a samansa. Wani lokaci kaza takan yi mai laushi ruwan ƙasa mai wari, sau ɗaya ko biyu a yini, wannan ba komai.

Kashi da jini, musamman ga 'yan tsaki da matasan kaji a damina, alamar wata cuta ce ta hanji da ke yaɗuwa inda ƙasa ta jiƙe da kashi. Tana da magani da ake sa wa a ruwa, ɗaya daga ciki sunansa amprolium, kuma dole a busar da wurin kwanansu. Farin zawo mai manne wa gindi yana son likita ya gani. In kin ga tsutsa kamar taliya, maganin tsutsa za a ba su duka, ba ita kaɗai ba. Koren zawo kuma, in ya haɗu da abin da za mu faɗa yanzu, shi ne wanda ake tsoro.

Fakat

Duk mai kiwo a ƙasar Sakkwato ta san shekarar da ta wayi gari akurki ya zama wayam. Yawanci da hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kaza ta yi koren zawo, tana buɗe baki tana jan numfashi, ta daina ci, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama ko tana zagaye wuri ɗaya. Yau biyu, gobe biyar. Wannan ita ce fakat. Likitoci suna kiran cutar Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta tun 1926. Ƙwayar da ke kawo ta ba ta jin kafso. Ba ta jin barkono, ba ta jin jiƙon maɗaci. Wadda ta tashi bayan an ba ta waɗannan, da ma Allah ya yi za ta tashi.

Abin da ke aiki rigakafi ne, kuma tun kaji na da lafiya ake yin sa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa. Akwai wanda ake kira Lasota, akwai kuma I-2, wanda ya fi jure zafi, shi ya sa ya dace da kajin gida. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita duk wata huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba ta kwana. Ga shawarata: matan aji ɗaya su haɗa kuɗi, su sa rana, a bi gida-gida da sassafe kafin a saki kaji. Jure zafi ba ya nufin a bar kwalba a rana. A riƙe ta cikin sanyi har a gama.

Ta ina take shigowa? Sau da yawa da ƙafarmu muke ɗauko ta. Mutum ya ga kajinsa sun fara mutuwa, sai ya kwashi sauran ya kai kasuwa da araha. Ke kuma kin je kasuwar Kara ko ta Achida, kin ga kaza mai sauƙi, kin kawo kin saka cikin naki. Cutar takan yi kwana biyar ko shida a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har sati biyu. Don haka duk baƙuwar kaza, ko ta kasuwa ce ko kyautar suna, ta yi sati biyu cur a ware.

Murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, tana kama da fakat ƙwarai, ido ba ya rabe su. Bambancin shi ne ita tana iya kama mutum. In kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, fuska a kumbure, zanko ya yi baƙi, kada a yi saurin sa wuƙa don kar a yi asara. Kada a fige, kada yara su taɓa. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a binne. Jefa mushe a bola ko kwata raba wa maƙwabta ciwo ne. A sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. A cikin garin Sakkwato akwai asibitin dabbobi na jiha, akwai kuma na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Jinya

Ruwa ya fi abinci muhimmanci ga mara lafiya. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a sa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, irin dai wanda ake haɗa wa yaro mai gudawa, a ba ta na kwana biyu ko uku. In ba ta sha da kanta, ki tsoma bakin nata kaɗan, ko ki ɗiga a gefen baki ki bari ta haɗiye. Kada a ɗura. Ƙofar numfashinta tana nan bayan harshe, ruwa na shiga can sai huhu. Kaji da yawa ɗurar ce ta kashe su, aka ɗora wa ciwo laifi. Abinci kuwa mai laushi: dusa da aka dama, ɗan tuwo, dafaffen ƙwai da aka marmasa, ko gara in an samu.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, za ki ga kaza baki buɗe tana haki, fukafukai a ware. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. A kai ta inuwa, a tsoma ƙafafunta a ruwan randa, a yayyafa ruwa a ƙasa. Sau da yawa kafin la'asar ta miƙe.

Ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido sauro ne ke yaɗa su, sun fi yawa a damina. Sukan warke da kansu cikin sati uku zuwa huɗu. A shafa aidin, kada a ɓamɓare, a tabbata tana ganin abinci.

Kaza mai ƙwai da ke shiga wurin ƙwai tana fita, tana yunƙuri, wutsiya a ƙasa, tana tafiya da ƙyar, mai yiwuwa ƙwai ne ya maƙale. A zaunar da gindinta cikin ruwan ɗumi minti 15, a tsane ta, a shafa ɗan man gyaɗa a dubura, a sa ta wuri mai duhu. Kada a matsa, ƙwan in ya fashe a ciki ya fi maƙalewar haɗari. Nan gaba a riƙa daka ɓawon ƙwai ana haɗa musu a dusa.

In likita ya rubuta magani, a tambaye shi abu biyu a rubuta: kwana nawa za a ba ta, kuma kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta ko namanta, domin maganin yana saura a ciki.

Kazar Inna dai, da ta koma ta duba, ƙuma ce ta rufe mata ido har ba ta ganin hatsi. Basilin na kwana uku ya tashe ta.

Aikin gida

Ki karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ki rubuta kowace sau uku: akurki, zanko, rigakafi, ƙwarƙwata, ƙuma. Ki lura da bambancin k da ƙ.

Ki ja layi huɗu a littafinki, ki rubuta a sama: rana, ci, kashi, abin da na ba ta. Gobe da safe ki zaɓi kaza ɗaya, ko lafiyarta lau, ki cike layin farko.

Lissafi: an yi wa kaji rigakafi a watan Oktoba, kafin hunturu. A wane wata za a maimaita? In gida takwas suka haɗu, kowane gida da kaji 12, ɗigo nawa ake bukata?