Yadda Ɗan Kasuwa Zai Nemi Bayanin Doka Daga Hukumar FCCPC

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba sa sanin hukumar da ke sa ido a kan sana'arsu sai ranar da jami'anta suka iso ƙofar shago da takarda a hannu. A watan Fabrairun 2024 hukumar FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja bisa zargin cewa farashin da ke liƙe a jikin kaya ya saɓa da abin da ake karɓa a wurin biya, alhali wannan matsala ce da tambaya ɗaya a kan lokaci za ta iya kawar da ita. Hukumar da ke hukuntawa ita ce kuma take bayyana abin da doka ke buƙata, kuma ɗan kasuwa yana da damar ya nemi wannan bayani tun kafin ya zuba jarinsa.

FCCPC ita ce hukumar tarayya mai kula da gasa tsakanin 'yan kasuwa da kare haƙƙin masu saye. An kafa ta da dokar 2018 wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye ta CPC, kuma hedikwatarta tana Abuja. Dokar ta kafa kotu ta musamman wadda ake kai ƙorafi gabanta idan ba a gamsu da hukuncin hukumar ba.

Abu na farko shi ne ka tabbatar da cewa tambayarka ta wannan hukuma ce, domin a nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. Rajistar abinci, magani, ruwan leda da kayan shafe-shafe aikin NAFDAC ne, ingancin kayan masana'antu na hannun SON, rajistar kamfani da sunan kasuwanci kuwa ta CAC ce. Lasisin bankuna da sa ido a kan ayyukansu na hannun Babban Bankin Najeriya ne. Abin da ya shafi FCCPC shi ne mu'amalarka da mai saye da kuma abokan hamayyarka a kasuwa: yadda kake nuna farashi, abin da kake faɗa game da kayanka, sharuɗɗan mayar da kaya, yarjejeniya da dillalai, da sayen wani kamfani ko haɗewa da shi. Sau da yawa lamari ɗaya yakan shafi hukuma biyu, kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ba ta wanke mai kaya daga laifin yaudarar mai saye a kan farashi ko nauyi.

Bayan haka sai ka karanta abin da aka riga aka wallafa. Dokar tana shafin hukumar na intanet kyauta, tare da ƙa'idojin da ta fitar a kanta, irin su na bitar haɗewar kamfanoni na 2020, da na yarjejeniyoyin da ke tauye gasa na 2022, da tsarin rajistar masu ba da bashi ta manhajar waya wanda shi ma ya fara a 2022. Sashe na 115 na dokar, alal misali, ya wajabta nuna farashin kaya a fili, ya kuma hana karɓar abin da ya haura farashin da aka nuna. Mai kantin da ya karanta wannan sashe ba ya buƙatar rubuta wa kowa wasiƙa. Abin da ya rage masa shi ne ya sa yaransa su riƙa sauya takardun farashi a jikin kaya a ranar da aka sauya su a kwamfuta.

Idan karatun bai warware maka ba, sai ka rubuta, kuma a nan ne ya kamata ka fi natsuwa. Ka yi amfani da takarda mai ɗauke da sunan kamfaninka, ka sa lambar rajistarka ta CAC, ka aika da sunan shugaban hukumar. Ka bayyana sana'arka a taƙaice, sannan ka faɗi abin da kake shirin yi dalla-dalla, da wanda za ka yi da shi, da lokacin da kake son farawa. Tambayar da ta ce "shin tsarin sayar da kayanmu ya dace da doka?" ba za ta samo maka komai ba sai amsa mai faɗi wadda ba za ka iya aiki da ita ba. Wadda ke da amfani ita ce irin ta mai kamfanin sabulu a Kano da zai rubuta cewa yana da manyan dillalai a jihohi uku, yana son ya ba kowannensu yankinsa shi kaɗai, ya kuma gindaya musu farashin da ba za su sayar ƙasa da shi ba, ga kwafin yarjejeniyar da ya tsara, yana neman a faɗa masa wane sharaɗi ne ya ci karo da doka. Mai irin wannan wasiƙa zai gano da wuri cewa tilasta wa dillali mafi ƙarancin farashin sayarwa abu ne da dokar ta hana, kuma gyara sakin layi ɗaya a takarda ya fi sauƙi a kan warware yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu. Kada ka ɓoye ɓangaren da kake jin zai jawo maka amsar da ba ka so, domin amsar da aka gina a kan rabin bayani ba za ta tsaya maka ba ranar bincike.

Wajen miƙa wasiƙar, ka tafi da kwafi biyu, ka ba da ɗaya, ka sa a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan ɗayan, ka adana shi a fayil ɗin kamfani. Idan ta imel ka aika, ka yi amfani da adireshin da ke shafin hukumar, ka ajiye shaidar aikawa. Ina jaddada wannan ne saboda al'adarmu ta dogaro da "na san wani a ciki" ta cutar da mutane da yawa. Maganar baki da jami'i ya faɗa maka a waya ba matsayin hukuma ba ce, kuma jami'in yana iya samun canjin wurin aiki kafin matsalar ta taso. Duk kuɗin da doka ta tanada ana biyan sa ne a asusun gwamnati, a karɓi rasit, ba a hannun wani ba.

Sayen kamfani ko haɗewa da shi yana da hanyarsa ta daban wadda aka tsara sosai. Wajibi ne a sanar da hukumar a jira amincewarta idan cinikin shekara na kamfanonin biyu a Najeriya ya kai naira biliyan 1 a haɗe, ko kuma na wanda za a saya ya kai naira miliyan 500. Ƙa'idojin sun ba da damar ganawa da jami'an hukumar kafin a shigar da takardu, kuma wanda ke shakkar ko cinikinsa ya shiga wannan rukuni yana iya neman a tabbatar masa a rubuce. Wanda ya zartar da cinikin ba tare da amincewa ba yana fuskantar tarar da za ta iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Da yadda darajar naira ta faɗi, kamfanonin da masu su ke ɗauka matsakaita ne, kamar injin casar shinkafa ko kamfanin rarraba kaya, suna iya haura wannan iyaka ba tare da sun lura ba.

Akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi abin da kake shirin yi ne. Idan kuwa abin ya riga ya fara gudana, wasiƙarka tana iya zama shaida a kanka, don haka lauya ya kamata ya fara gani kafin hukuma. Wannan ya fi shafar ƙungiyoyin kasuwa, inda aka saba shugabanni su zauna su tsayar da farashin buhu ko na kwali, su ci tarar duk wanda ya karya, ko su hana baƙo sauke kaya. A wurin mutanenmu wannan haɗin kai ne, amma a idon dokar haɗa baki ne wajen ƙayyade farashi, kuma yana cikin laifuffukan da ta fi tsanantawa a kansu. Hukumar tana da tsarin sassauci ga wanda ya fara kai kansa ya ba da cikakken haɗin kai, sai dai yana da sharuɗɗa, kuma lauyan da ya san fannin ne zai shigar da kai ta ƙofar da ta dace.

Idan amsa ta zo, ka karanta ta tare da lauyanka, ka lura da sharuɗɗan da aka gindaya, ka kuma sauya takardunka da yadda ma'aikatanka ke aiki su dace da ita. Amsar ta tsaya ne a kan bayanin da ka bayar da kuma ƙa'idar da ke aiki a ranar da aka rubuta ta, saboda haka idan ka ƙara dillalai, ko ka sauya sharuɗɗan sayarwa, ko hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida kamar yadda ta yi wa masu ba da bashi ta waya a 2025, sai ka sake rubutawa, ka ambaci lamba da kwanan watan wasiƙar farko.