Yadda ake zaman lafiya da layin dogo a Kubwa da kewaye

Tun watan Yulin 2016 da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, mutanen Kubwa da ƙauyukan hanya suka yi sabon maƙwabci, wato jirgin ƙasa. Maƙwabcin nan ba ya kaucewa, ba ya kuma tsayawa inda aka ga dama. Duk wata dabarar tsallaka layi daga nan take farawa.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce, kuma a kan ƙarfe take gudu. Shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan taragu masu yawa ba wahala, shi ya sa kuma birkinsa ba ya kamawa kamar tayar roba a kan kwalta. Jirgin da ya ɗauko gudu sosai yana cin ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, mai nauyi ma ya wuce kilomita guda. Direba zai gan ka, zai danna hon, zai ja birki, amma daga nan ba shi da sauran abin yi.

Ka riƙe wannan lissafi. Idan jirgi na gudun kilomita 100 a awa, yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka hango shi a mita 300, daƙiƙa 11 ke gare ka. Ko rabin wannan gudun yake yi, lokacin ba zai ishi mai ɗauke da itace a ka da goyo a baya ba. Ido kuma yana ruɗar mutum: babban abu da ke tahowa kai tsaye sai a ga kamar tafiyar hawainiya yake yi. Don haka idan har ka ga fitilarsa, ka ja baya ka jira.

Ja da bayan ma sai an san iyakarsa. Tsakanin ƙarafan biyu milimita 1,435 ne, amma tarago ya fi haka faɗi sosai, yana zarce ƙarfen da kusan mita guda ta kowane gefe. Mutane da yawa da jirgi ya buge ba a kan ƙarfen suke ba, a gefe suka tsaya suna ganin sun kauce. Ka sauka daga kan tsakuwar layin gaba ɗaya, ka ƙara taku biyar. Kada ka dogara da kunne. Layin zamani ba ya yin ƙarar da aka saba ji a tsohon layi, iska kuma tana iya kwashe sautin. Cire abin sauraro daga kunne, ajiye waya, duba dama da hagu, ka sake dubawa. Inda layi biyu suke a jere, wucewar jirgi ɗaya ba ta nufin hanya ta buɗe, wani na iya ɓoye a bayansa.

Wajen tsallakawa, ka ɗaga ƙafa ka ƙetare ƙarfen, kada ka taka samansa, musamman da damina ko da raɓar asuba. Kusa da tasha, inda layi ke rabuwa biyu, akwai ƙarfe mai motsi da ake juyawa daga nesa. Ƙafa ta shiga tsakaninsa, ya matse, babu mai zare ta da hannu. Gadar jirgi kuwa ba ta mutane ba ce, don babu wurin raɓewa a kanta. Yaro ƙarami a riƙe shi a wuyan hannu, don tafin hannu yana zamewa idan ya fizga.

Mai mota, kada ka hau layi sai ka ga fili a wancan gefen da zai ɗauki motarka duka. Cunkoso ne ke kashe mutane a nan: na gaba ya tsaya, na baya ya matso, kai kana tsakiya. Ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu tun kafin ka hau, kada ka canza ta a kan layi, don a nan mota ke mutuwa. Idan ta mutu, kowa ya fita nan take, a bar kaya. In jirgi ya bayyana, a gudu nesa da layin, amma a karkata wajen da jirgin ke fitowa, domin tarkacen motar za su watsu ne gaba, inda jirgin ya nufa. A watan Maris na 2023 motar ma'aikata ta yi ƙoƙarin riga jirgi wucewa a Ikeja, mutum shida suka rasu. Ɗan acaɓa ya tsallaka ƙarfen a miƙe, in ya zo masa a karkace taya za ta zame ko ta faɗa ramin gefen ƙarfen.

Makiyayi ya zaɓi wuri miƙaƙƙe da ake hangen nesa ta ɓangarori biyu, ba kwana ba, ba inda aka yanka tudu ba. A raba garke kashi-kashi, mutum ɗaya ya tsaya yana kallon layi kawai. Saniya ta tsaya a kai, jirgi na tahowa, a bar ta. Magana ce mai ɗaci ga wanda ya raine ta, amma haka za a yi.

Sai maganar da ta fi damuna, wato ɗibar tsakuwa da kwance ƙarafan da ke ɗaure layi. Wasu na ganin kayan gwamnati ne, ba na kowa ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: kilomita ɗaya na ƙarfen dogo, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai nemi ƙarin tsawon kusan santimita 35. Maɗauran nan da ke danne shi a kan gicciyayyun shimfiɗun siminti, da tsakuwar da ta riƙe shimfiɗun, su ke hana shi motsi. A cire su, zafin ranar watan Maris ya buge shi, layi ya lanƙwashe, tarago ya sauka da ɗaruruwan bayin Allah a ciki. Wanda ya sayi tifar tsakuwar nan ya zuba a ginin gidansa, da wanda ya auna maɗauran a kilo, duk suna da hannu a jinin.

Idan ka ga maɗaurai sun ɓace a jere, ko ƙarfe ya tsage, ko ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar shimfiɗu a rataye, ka lura da alamar kilomita mafi kusa, ka sanar da tasha ko jami'an tsaro, ko ka kira 112. In jirgi ya kusa, yi nisa zuwa wajen da yake fitowa, tsaya a gefe, ka yi ta kaɗa jan ƙyalle ko fitila da ƙarfi.

Hukuma ma da haƙƙi a wuyanta. Unguwar da layi ya raba da gonarta ko makarantar 'ya'yanta ta cancanci mashiga mai shinge da mai gadi, ko gadar ƙafa. Mai unguwa ya tara sa hannun jama'a, a ƙirga yaran da ke tsallakawa kowace safiya, a ɗauki hoton wurin, a kai takarda ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ƙaramar hukumar Bwari, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata don bibiya.