Yadda za ka kauce wa tarar gudu in kana tuƙi a Amurka

Abu na farko, kowace jiha da dokarta, tun 1995 gwamnatin tarayya ta sakar musu wannan lamarin. To da ka tsallaka iyaka ka fara duba allon gefen titi, kuma lambar da ka gani mil ce ba kilomita ba, 65 ɗin nan ta haura kilomita 100.

A Teksas akwai hanyar da aka yarda ka taka har 85, amma wallahi kar ka kai wannan ƙafar Bajiniya, can in ka wuce 85 ko ka ɗora 20 a kan ƙa'ida to tuƙin ganganci ne, babban laifi, tara har dala 2,500 kuma ana iya ɗaure mutum wata 12. Jihar Jojiya ma tana ƙara dala 200 a kan tarar mai tsala gudu. Kusa da makaranta da inda ake gyaran titi sai ka sassauta sosai, jihohi da yawa ninka tara suke yi.

In ɗan sanda ya tsayar da kai, gangara dama, hannu a kan sitiyari, kar ka fito. Biyan tikiti, wato takardar tarar da ya ba ka, amsa laifi ne fa, inshora na iya tashi, ranar kotu kuma kar ka kuskura ka manta.