Tarar fakin a Ingila: ku kula da kwana 14 na farko

'Yan'uwa masu mota a Ingila, idan ƙaramar hukuma ta manna muku takardar tara ta PCN a gilashi, kwana 28 gare ku ku biya. Wanda ya biya cikin kwana 14 rabin kuɗin zai bayar.

In kuna ganin an zalunce ku, kada ku biya tukuna, domin biya yakan rufe maganar. Ku rubuta ƙorafi cikin kwana 14 ɗin, haɗe da hoton allon wurin da rasidin fakin. Ko an ƙi, galibi ana sake ba da damar biyan rabi.

Shiru ne ke jawo asara. In kwana 28 na farko suka wuce ba ku biya ba, wata takarda za ta je wa mai motar, ta ƙara ba shi kwana 28. Suka wuce, a ƙara rabin tarar a kai.