Motar zaga gari a Madina, ga masu shirin Umara

Salam 'yan uwa. Masu tashi Umara daga nan Kaduna, ga 'yar shawara kan jar bas ɗin nan mai hawa biyu ta zaga gari a Madina. Tikiti ɗaya za ka yanka na awa 24, ka sauka inda ka ga dama, in ka gama ka jira ta baya ka hau. Tana bi ta Masallacin Quba, Ƙiblataini da Uhudu, har da abin sa wa a kunne mai bayanin wuraren.

Ni dai a ganina in kai kaɗai ne ko ku biyu kuma zuwan farko ne, wallahi ta biya kuɗinta, ba ruwanka da cinikin tasi da Larabcin da ba ka iya ba. Amma in kun kai huɗu ko da su Hajiya tsofaffi, gara ku haɗa kuɗi ku ɗau shatar mota, don jiran bas a rana ba wasa ba ne, zafin can ya fi na Kasuwar Barci a watan Afrilu.

Ku fita bayan asuba ko bayan la'asar, don saman bas ɗin a buɗe yake. A riƙe ruwa da lema.