Yadda Za Ka Sa Ɗalibin Kiɗa Ya Ji Kuskurensa Da Kunnensa

Awa ɗaya nake samu da kowane ɗalibi a mako. Sauran awa 167 daga shi sai jitarsa, babu mai ce masa ya yi daidai ko ya kauce. Na daɗe ban auna nauyin wannan lissafi ba. Da yaro ya danna tsirkiyar da ba ita ba, sai in yi caraf in ce, "A'a, sake." Kunnena ke aiki, nasa na barci.

Wata yarinya ce ta farkar da ni. Ta kaɗa waƙa tsaf, sai ta ɗago tana duban fuskata: "Malam, na yi daidai?" Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin shekara guda tana hannuna amma ba ta yarda da jinta ba.

Saboda haka abu na farko, malam, ka kama bakinka. In ɗalibi ya gama, tambaye shi, "Kai me ka ji?" Zai yi shiru. Ka jure shirun, wannan ne mafi wuya.

Daga nan sai waya. Ya ɗauki sautin kiɗansa, ya ajiye jitar, ya saurara da fensir a hannu, ya zagaye wuri ɗaya tak a takardar waƙar da bai gamsar da shi ba. Mai kaɗawa hankalinsa na kan yatsu, shi ya sa ba ya jin inda yake gaggawa sai ya zama ɗan sauraro. Wurin da ya zagaye shi ne aikin makon. Kada ya riƙa faro waƙar daga farko kullum, abin da ya riga ya iya zai yi ta maimaitawa. Ya ware gaɓar, ya saita na'urar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, in ta fita sau uku a jere babu tuntuɓe ya ƙara huɗu. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar jajibirin darasi.

A wani bincike da aka wallafa a 1993, masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa sun yi nazarin ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun fi tara awannin atisaye su kaɗai. Wannan zaman kaɗaicin ne ya kamata mu koya musu yadda ake yinsa.

Ka kuma bar shi ya zaɓi waƙa ɗaya da kansa, ko da ba ta burge ka ba.

Duk ƙarshen wata sai ya kaɗa a gaban mutum biyu ko uku, da sharaɗi guda: ko ya yi kuskure ba zai tsaya ba. Ni a bayansa nake zama, inda ba zai ga fuskata ba.