Darasi na 7: Me ke kawo ciwon kafaɗa ga masu wasan ɗaga hannu?

Ɗan uwa, ƴar uwa, ɗaga hannunka sama. Juya shi gaba, juya shi baya. Duk jikin ɗan Adam babu gaɓar da ke juyawa kamar kafaɗa. Ƙashi 3 ne suka haɗu a wurin: ƙashin dantse, allon kafaɗa da ƙashin wuya. Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune ciki kuwa ba shi da zurfi. Wasu tsoka guda 4 da jijiyoyinsu ne ke riƙe shi kada ya goce.

Matasanmu na Damagaram masu ƙwallon raga, ƙwallon hannu da ƙwallon kwando, kusan duk bugu da jifa sama da kai suke yi. Haka ma masu jifan mashi. Su ne ka fi ji suna cewa: "Kafaɗata ta riƙe."

Yawancin wannan ciwo ba rana ɗaya yake shiga ba. Taruwa yake yi. Duk sanda hannu ya tashi sama, ɗaya daga cikin jijiyoyin nan tana bi ta wani matsatsin wuri a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa. Dubi igiyar guga da ke gogar itacen bakin rijiya. Ja ɗaya bai yi mata komai, amma yau da gobe sai ta fara sillewa. In yaro ya yi ta bugu safe da yamma babu hutu, jijiyar ta kumbura, wurin ya ƙara matsewa, ciwo ya ƙaru. Da farko sai lokacin wasa yake jin sa. Daga baya saka riga ma ya zama aiki, da dare kuma ya kasa kwanciya ta wannan gefen.

Shiga fili babu ɗumama jiki na jawo shi, musamman da sanyin hunturu. Haka wanda ya yi wata da watanni bai taɓa ƙwallo ba, aka ce gasa ta matso, ya ce zai rama cikin mako guda. Akwai kuma raunin tsokar baya da ke riƙe allon kafaɗa, da jifa da hannu kaɗai. Ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu ya kamata ya taso. In babu su, kafaɗa ce ke ɗaukar nauyin duka.

Faɗuwa daban ce. Wanda ya faɗi kan hannu, siffar kafaɗar ta sauya, ya kasa motsa ta, mai yiwuwa gocewa ce ko karaya. Kada abokai su ja hannun a fili. A rataye shi da ɗankwali a wuya, a tafi likita.

Abin da ya fi damuna shi ne shan ƙwaya don a ci gaba da wasa. Tramadol da ire-irenta suna rufe ciwo, jijiya kuwa tana ci gaba da lalacewa. Iyaye da masu horarwa, don Allah ku sa ido a nan.

In ciwon sabo ne, a dakatar da bugu sama da kai. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20. Kada a daina motsa hannun gaba ɗaya, kafaɗa na saurin sandarewa. In mako 2 ya wuce babu sauƙi, ko hannu ya yi sanyi babu ƙarfi, a je likitar unguwa, su kuma za su iya turawa babban asibitin Damagaram. Ciwon kafaɗar hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi kuwa yana iya zama na zuciya. Wannan ba a kwana da shi.

Aiki: Ku tattauna. Wane aikin gida ko na gona ne ke sa mu yawan ɗaga hannu sama da kai? Kowa ya rubuta guda 2 a allonsa.